Yadda Za A Kare Tafkin Kifi Na Lambu Daga Ɓarnar Zalɓe

Gabatarwa

Kiwon kifi a lambu da bayan gida ya bazu ƙwarai a ƙasar nan, musamman kiwon tarwaɗa da karfasa. Manoma da yawa masu noman rani a fadamu da bakin koguna sukan haƙa ɗan tafki mai faɗin mita 10 da tsawon mita 10 ko 20 a gefen lambu, su zuba kifi, idan za a canza ruwa kuma su shayar da kayan lambu da tsohon ruwan. A cikin gari kuwa an fi amfani da tankin siminti ko na tamfol. Ƙorafin da malaman gona suka saba ji daga irin waɗannan manoma shi ne an zuba kifi adadi kaza, an ciyar da su wata biyar ko shida, ranar kwasa sai a tarar sun ragu matuƙa, alhali kuwa ba a taɓa ganin matattun kifaye suna yawo a kan ruwa ba. Dalilan wannan asara suna da yawa, kuma zalɓe yana daga cikin manyansu.

Zalɓe ba ya iyo kamar agwagwa, ba ya kuma nutso ya bi kifi cikin ruwa. Tsayawa yake yi da ƙafafunsa a inda ruwa ba zurfi, ko a bakin gaɓa inda wuyansa zai kai, ya jira kifi ya zo kusa sannan ya caka masa baki. Duk manomin da ya fahimci wannan ya sami rabin magani, domin aikin da ke gabansa shi ne ya hana tsuntsun wurin tsayawa. Korarsa da ihu ko da jifa aiki ne da ba ya ƙarewa.

Tsuntsun da ake magana a kai

Sunan zalɓe ya ƙunshi tsuntsaye da dama masu kama da juna, dukkansu masu dogayen ƙafafu da dogon wuya da baki mai tsini kamar mashi. Idan suna tashi sama sukan naɗe wuya su miƙe ƙafafu baya, kuma da haka ake bambanta su da shamuwa da gauraka waɗanda ke miƙe wuya a sama.

Wanda ya fi ɓarna a tafkin kifi shi ne zalɓe mai launin toka, wanda masana ke kira Ardea cinerea. Tsayinsa yakan kai kusan mita 1, nauyinsa kilo 1 zuwa 2, idan ya buɗe fukafukai kuma sukan haura mita ɗaya da rabi. Da yawa daga cikin waɗanda ake gani a ƙasar nan baƙi ne, suna tasowa daga Turai idan sanyi ya shiga can, su iso mana tun daga wajen watan Oktoba, su koma wajen Maris ko Afrilu. Suna sauka a manyan wuraren ruwa irin su dausayin Haɗejia da Nguru, da yankin Tafkin Cadi, da madatsun ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro da Tiga, da fadamun kogin Neja da na Binuwai. Manomin da tafkinsa ke kusa da irin waɗannan wurare ya sa a ransa cewa za a ziyarce shi.

Akwai kuma zalɓe mai baƙin kai, Ardea melanocephala, wanda ɗan gida ne, yana sheƙa a kan manyan bishiyoyi har a tsakiyar gari. Shi ya fi farauta a tudu, yana cin ɓeraye da ƙadangaru da fara da kwaɗi, amma ba ya ƙin kifi idan ya samu a sauƙaƙe. Sannan akwai wani gajere mai kaurin wuya da ke fitowa bayan faɗuwar rana ya yi kiwo da dare. Wannan ne ke sa manomi ya rantse bai taɓa ganin tsuntsu a tafkinsa ba, alhali kullum da safe akwai sabon sawu a taɓo.

Ya kamata a yi wa balbela adalci a nan. Balbelar da ke bin shanu, mai rawayan baki, fara da ƙwari ne yawancin abincinta, ɓarnarta ga kifi kuma kaɗan ce sai fa idan ta tarar da 'yan ƙananan kifaye a ruwa marar zurfi. Wadda ake rikita ta da ita ita ce wata fara mai siririn baƙin baki da baƙaƙen ƙafafu, yatsunta kuma rawaya. Wannan maciyar kifi ce ta gaske, kuma takan zo a ƙungiya.

Girman asarar

Babban zalɓe yana bukatar abinci kimanin giram 300 zuwa 500 a rana. Idan manomi ya zuba matasan tarwaɗa masu nauyin giram 10 kowanne, to tsuntsu ɗaya da ya mayar da tafkin wurin kalacinsa zai iya haɗiye kifi 30 zuwa 50 a rana. A cikin kwana goma ke nan an rasa 300 zuwa 500, wato kashi ɗaya cikin uku ko ma rabin kifi 1,000 da aka zuba. Ba kullum ne tsuntsun ke cika cikinsa a tafki ɗaya ba, amma wannan lissafi ya isa ya nuna cewa makonnin farko bayan zuba kifi su ne mafi haɗari. Kifin da ya fi kwanta masa shi ne mai tsawon santimita 10 zuwa 20. Yakan juya shi a baki ya haɗiye shi ta kai, don kada ƙaya ta maƙale masa a maƙogwaro.

Idan kifi ya girma, ɓarnar ba ta tsaya ba, salo kawai ta canza. Zalɓe yakan caki kifin da ya fi ƙarfin haɗiyarsa, sannan ya sake shi da rauni ko ya yar da shi a gaɓa. Tarwaɗa ba ta da ɓawo a jiki, don haka raunin yakan buɗe ya zama gyambo, ƙwayoyin cuta su shiga, sauran kifayen kuma su far wa mai raunin su cinye shi. Wanda ya warke yakan fito da tabo, kuma masu saye a kasuwa suna rage masa kuɗi. Ban da wannan, kifin da ake yawan firgitawa yakan lafe a ƙasa ya ƙi tasowa cin abinci, girmansa ya ja baya, abincin da aka saya da tsada kuma ya ruɓe a cikin ruwa.

Asara ta uku ita ce wadda manoma ba su cika danganta ta da tsuntsu ba. Akwai wata tsutsa mai suna Clinostomum da ke zaune a baki da maƙogwaron zalɓe. Idan ya tsoma baki a ruwa, ƙwayayenta sukan zuba a ciki, su ƙyanƙyashe su shiga jikin katantanwar ruwa, daga nan su fito su huda fatar kifi su zauna a cikin tsoka a matsayin ƙananan ƙullutai masu launin rawaya. Idan wani zalɓen ya haɗiye kifin, zagayen ya cika. Dafa kifi sosai yana kashe tsutsar, amma babu matar da za ta fasa karfasa ta ga irin waɗannan ƙullutai ta sake saye a wurin mai kifin. Haka kuma tsutsar nan mai kama da zare da ake gani a jikin kayan cikin tarwaɗa, wadda ake kira Contracaecum, ita ma a cikin tsuntsaye masu cin kifi take balaga. Masu haɗa kiwon kaji ko agwagi da kiwon kifi suna da ƙarin dalili na nisanta tsuntsayen daji daga tafki, domin tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006 cutar ta sha komowa, kuma tsuntsayen ruwa na daga cikin masu yawo da ita.

A fara tabbatar da mai laifi

Kafin malamin gona ya sa manomi kashe kuɗi, ya dace ya je tafkin da kansa da sassafe. Zalɓe ya fi zuwa da asuba da kuma dab da magariba, lokacin da mutane ba sa lambu. Sawunsa a taɓo ba ya ɓuya: dogayen yatsu uku a gaba, ɗaya a baya, duka a layi mai kyau kamar an zana. Yakan bar farin kashi mai ruwa a gaɓa kamar an watsa farar ƙasa. A jikin kifi kuma za a ga huda ɗaya ko biyu a gadon baya, ko layi biyu a gefen jiki inda baki ya matse shi.

Idan ba a ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, to a nemi dalili a wani wuri. Tarwaɗa tana cin 'yar uwarta, kuma 'yan ƙalilan da suka riga sauran girma za su iya cinye ɗaruruwa idan ba a tace su ana ware manya daga ƙanana duk bayan mako biyu a watannin farko ba. Guza da macijin ruwa da manyan kwaɗi suna nasu ɓarnar. Tarwaɗa kan kuma fita da kanta a daren da aka yi ruwan sama idan gaɓa ba ta da tsayi. Akwai kuma ɓarawo mai ƙafa biyu wanda ba shi da fukafuki, shi kuwa raga ba ta maganinsa.

Fasalin tafki shi ne kariya ta farko

Zalɓe yana shiga ruwa ne iyakar tsawon ƙafafunsa, kuma ya fi son inda zurfi bai wuce santimita 30 ba. Da zarar ruwa ya fara taɓa gashin cikinsa sai ya ja baya. Yakan faru jefi-jefi a ga ya faɗa wa kifi a ruwa mai zurfi, amma ba ita ce hanyarsa ta kullum ba. Saboda haka tafkin da ɓangarensa marar zurfi ya kai santimita 60 zuwa 80, mai zurfin kuma mita 1 zuwa 1.5, ya rage masa wurin tsayawa ƙwarai. Tafkunan da aka fi yi wa ɓarna su ne waɗanda aka haƙa kamar akushi, tsakiya da zurfi amma gefe yana sulalewa a hankali har tsawon mita biyu ko uku. Irin wannan gefe shimfiɗa ce aka yi wa zalɓe, kuma a nan ne ƙananan kifaye ke taruwa don ɗumin ruwa.

Sai dai akwai iyaka ga yadda za a miƙar da gefen tafkin ƙasa. Idan aka sare shi a tsaye kamar bangon ɗaki, zai zabtare cikin damina ɗaya, ƙasar da ta zube kuma ta cike gefen, a koma gidan jiya. A ƙasa mai yumɓu sosai ana iya yin gangare na mita ɗaya da rabi zuwa biyu a kwance ga kowace mita ɗaya ta zurfi. A ƙasa mai rairayi dole gangaren ya fi haka kwanciya, wajen mita uku ga mita ɗaya. Ma'anar wannan ita ce duk tafkin ƙasa yana da wani ɗan zirin gefe da zalɓe zai iya tsayawa a kai, faɗinsa ya kama daga rabin mita zuwa mita guda. Manomi yana da zaɓi biyu: ko ya daɓe wannan ɓangare na sama da buhunan ƙasa ko duwatsu ko bulo yadda zai miƙe, ko kuma ya toshe zirin da igiya kamar yadda za a bayyana a gaba. Ga ƙaramin tafkin lambu, jera buhunan ƙasa sahu uku ko huɗu a kewaye aikin kwana biyu ne, kuma yana ƙara wa jinga ƙarfi.

Tazarar da ke tsakanin saman jinga da fuskar ruwa ita ma tana da muhimmanci. Tsuntsun da ke tsaye a saman jinga yana iya kai baki ƙasa idan ruwa ya cika maƙil. A bar aƙalla santimita 50 zuwa 60 tsakanin saman jinga da ruwa. Wannan ƙa'ida ta fi shafar masu tankin siminti, domin zalɓe yakan sauka a kan bangon tankin ya tsaya cik yana jiran tarwaɗa ta taso shaƙar iska. Tarwaɗa kuwa takan taso a kai a kai, haka halittarta take.

Abin da ke rusa duk wannan tsari shi ne rani. Daga hunturu zuwa bazara, rana da busasshiyar iska suna iya shanye rabin santimita zuwa santimita guda na ruwa a kowace rana a arewacin ƙasar nan, ban da wanda ke tsiyayewa ta ƙasa. A wata ɗaya ruwa ya ja baya da santimita 15 zuwa 30 ke nan. Tafkin da zalɓe ya kasa shiga a watan Nuwamba sai ya zama yana yawo a cikinsa a watan Fabrairu. A daidai wannan lokaci ne kuma baƙin tsuntsaye suke nan, kududdufai da fadamun daji suna ƙafewa, abinci yana ƙaranci, kowa ya nufi inda ruwa ya rage. A kafa sanda mai alamar awo a cikin tafki, a riƙa dubawa kowane mako, a ƙara ruwa kafin ɓangaren da ba zurfi ya sauka ƙasa da santimita 60.

Launin ruwa ma kariya ne, domin zalɓe da ido yake farauta. Tafkin karfasa da aka sa wa taki daidai gwargwado ruwansa kan zama kore, wanda abinci ne ga kifin kuma labule ne a gare shi. Awonsa mai sauƙi ne: a tsoma hannu har gwiwar hannu, idan tafin hannu ya ɓace a daidai nan, to ya yi daidai. Idan ya ɓace tun daga wuyan hannu, takin ya yi yawa, kuma iskar da kifi ke shaƙa a ruwa za ta ƙare kafin gari ya waye. Za a ga kifaye sun taso sama suna buɗe baki da asuba, a daidai lokacin da zalɓe ke zuwa. A irin wannan hali a tsayar da taki, a rage abinci, a ƙara sabon ruwa.

Ana iya ƙara wa ƙananan kifaye mafaka da guntayen bututu ko tukwanen ƙasa da aka kwantar a ƙasan tafki, ko 'yar rumfar zana a kan wani ɓangare na ruwan. A sare kacala da dogayen ciyayi na gefe, domin suna zama matakala ga tsuntsu kuma maɓoya ga katantanwa da maciji. A kuma mayar da wurin ba da abinci ɓangaren da ya fi zurfi, a tsaya har kifi ya gama ci, musamman idan abincin mai yawo a saman ruwa ne.

Igiya da raga

Ɗabi'ar zalɓe ce ya sauka a fili a ɗan nesa da ruwa, ya tsaya ya duba, sannan ya tako a hankali zuwa baki. Igiya biyu da aka ɗaure a turaku kewaye da tafki, ta ƙasa a tsayin santimita 20, ta sama a tsayin santimita 35 zuwa 40, suna taɓa masa ƙafa da ƙirji, kuma yakan ƙi tsallakawa. A kafa turakun dab da bakin ruwa, a ɗan karkatar da su zuwa cikin tafki, yadda ba zai iya tsayawa a bayan igiya ya miƙa wuya ya kai ga ruwa ba, kuma ba zai sami fili tsakanin igiya da ruwa ya sauka ba. Idan ruwa ya ja baya a matsar da turakun su bi shi. Tafki mai mita 10 a kowane gefe yana cin igiya kimanin mita 90. Wannan ita ce hanya mafi arha, amma ita kaɗai ba ta isa ba a inda tsuntsun zai iya sauka kai tsaye a cikin ruwa marar zurfi.

Mataki na gaba shi ne a ja igiyoyi a saman tafki daga gaɓa zuwa gaɓa, tsakaninsu santimita 30 zuwa 50. Tsuntsu mai faɗin fukafukai irin na zalɓe ba ya son sauka ko tashi a tsakanin igiyoyi. Ga tafkin da aka ambata, idan tazarar ta zama rabin mita, za a ja layi 21, wato igiya wajen mita 250, ninki biyu kuma idan an gitta su. A yi amfani da igiyar nailan mai ɗan kauri wadda ido ke gani, a ɗaɗɗaura mata ƙyallaye nan da can, a kuma ja ta sosai. Igiyar saman ba ta hana ƙananan tsuntsaye masu faɗowa daga sama su sunkuci kifi, don haka ba ta wadatar a tafkin raino ba.

Raga ce kawai ke rufe ƙofa gaba ɗaya, kuma a ganinmu duk tafkin da ake rainon 'ya'yan kifi, da duk tankin siminti ko na tamfol, bai kamata a zuba kifi a cikinsa ba sai an riga an rufe shi. Raga mai ido santimita 2.5 zuwa 5 ta isa ga zalɓe da balbela. Inda ƙananan tsuntsaye ke damu, a zaɓi mai ƙaramin idon. Kuskuren da aka fi yi shi ne a shimfiɗa raga dab da ruwa a bar ta sako-sako. Zalɓe yakan sauka a kanta, nauyinsa ya lotsa ta har ta taɓa ruwa, ya tsaya a kai yana cakar kifi ta cikin idon ragar. Ba zai iya fitar da su ba, amma zai raunata da yawa. Saboda haka a ɗaga raga aƙalla santimita 60 daga fuskar ruwa, a tallafe ta da gora ko gwangwala ko waya mai ƙarfi da aka ja a tsakiya, a kuma danne gefenta har ƙasa da turaku ko duwatsu, domin ƙofa ɗaya da aka bari a kusurwa ta isa. Wanda ke da hali ya ɗaga ta sama da tsayin mutum a kan dirkoki, yadda zai shiga ya yi aiki ba tare da yaye ta ba. Ragar da sai an yaye ta kullum kafin a ba da abinci, watarana za a manta a bar ta a buɗe.

Akwai raga iri biyu da ba a so. Ta farko ita ce tsohuwar ragar masunta mai siririn zare kamar gashi. Tsuntsu ba ya ganinta, yakan sarƙe a ciki ya yayyaga ta, macizai ma su maƙale su mutu su ruɓe a kan ruwa. Ta biyu, wadda ta fi haɗari, ita ce gidan sauro mai magani. Maganin da ke jikinsa guba ce mai ƙarfi ga kifi ko da kaɗan ne, kuma raɓa ko ruwan sama suna iya wanke shi cikin tafki. Gidan sauro na kan gadon yara ne.

Idan aka tarar da zalɓe ya maƙale a raga, kada a bar yara su kusance shi, domin ido yake nufa idan zai kai sara. Babban mutum ya jefa masa buhu ko zane a kai, ya riƙe bakin da hannu ɗaya nesa da fuska, wani kuma ya kwance zaren.

Abubuwan tsoratarwa

Mutum-mutumi, da gwangwanaye masu ƙara, da tsofaffin faya-fayan bidiyo masu ƙyalli, da ledoji a kan sanda, duk suna aiki na 'yan kwanaki. Daga nan sai tsuntsun ya gane ba su da cutarwa, har a wayi gari a gan shi tsaye kusa da mutum-mutumin. Idan za a yi amfani da su, a riƙa canza musu wuri da kama duk bayan kwana biyu ko uku, a kuma ɗauke su a matsayin taimako na wucin gadi kafin a sami raga. A Turai ana sayar da zalɓen roba da ake kafawa a bakin tafkin lambu, da tunanin cewa na gaske ba zai sauka inda ya ga wani ba. Ba mu ba da shawarar ɓata kuɗi a kansa, tun da zalɓe kan yi kiwo kusa da 'yan uwansa a inda abinci ke da yawa. Kare mai zama a lambu, da kasancewar mutum a wurin da asuba da yamma, sun fi duk waɗannan tasiri.

Harbi da guba

Harbi ba ya kawo ƙarshen matsalar. Tafki mai sauƙin shiga zai ci gaba da jawo tsuntsaye, idan aka kashe ɗaya wani zai maye gurbinsa. Ban da haka, waɗannan tsuntsaye ne da ƙasashe da yawa suka yi tarayya a kansu, kuma Nijeriya tana cikin yarjejeniyoyin kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura da wuraren da suke sauka. A shekarar 2000 aka sanya wani ɓangare na dausayin Haɗejia da Nguru cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Manomi ya kuma tuna cewa zalɓe mai baƙin kai da balbela suna rage masa ɓeraye da fara a gona kyauta.

Guba kuwa ba ta da wurin zama a kusa da tafki. Wasu kan cusa maganin ƙwari a cikin mataccen kifi su ajiye a gaɓa. Wanda zai ci ba lalle ne zalɓe ba, domin shi ya fi son kifi mai rai. Kare ko kaji ko shirwa ko ungulu ne za su ɗauka, ragowar kuma ruwan sama ya wanke ta cikin tafkin da mutane za su ci kifinsa, wanda kuma da ruwansa ake shayar da latas da tumatir. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin gida ta 1992 ta haramta amfani da guba wajen kamun kifi, kuma malamin gona ya yi wa manoma gargaɗi a kan duk wata guba a bakin ruwa ba tare da sassauci ba.

Ranar zuba kifi da ranar kwasa

A kammala kafa igiya ko raga kafin ranar da za a kawo 'ya'yan kifi. Tsuntsun da bai taɓa samun komai a tafki ba yana da sauƙin hanawa, amma wanda ya ɗanɗana zai yi ta zagaye yana neman kafa. Inda babu kuɗin rufe dukan tafki, a raini ƙananan kifaye a cikin ɗan kejin raga mai murfi a cikin tafkin, ko a ƙaramin tanki rufaffe, har su wuce tsawon santimita 20 sannan a sake su. Rufe mita huɗu ko shida ya fi rufe mita ɗari sauƙi.

Ranar kwasa ma akan yi asara ta sakaci. Manomi yakan fara zubar da ruwa da yamma don ya kwashe kifi da safe, ya tafi gida ya bar kifayen cunkushe a ruwan da bai wuce idon sawu ba, raga kuma an riga an yaye ta. A tsara aikin yadda za a rage ruwa a kwashe kifi a rana ɗaya, idan kuwa dole ne a kwana, to a bar raga a wurinta ko wani ya kwana a lambun. Bayan kwasa a tsince matattun kifaye da ragowar da ke cikin taɓo a binne su, a bar ƙasan tafki ya bushe har ya tsattsage, a barbaɗa garin farar ƙasa da ake kira laim gwargwadon yadda malamin gona ya ƙayyade bisa yanayin ƙasar wurin. Wannan yana rage katantanwar da tsutsar zalɓe ke bi ta jikinta, kuma daga cikin irin waɗannan katantanwa ne ake samun masu ɗauke da cutar tsargiya, wadda ke kama yaran da ke shiga ruwan.